Besfar Malam Usumanu

Duk ranar da na fito da tsohuwar Besfar nan ƙofar gida, sai samarin garejin layinmu sun tsaya. Wani ya ɗauke ta hoto a waya, wani ya hau yana laluben giya da ƙafa, bai san giyarta a hannun hagu take ba. Daga ƙarshe dai sai wani ya ce, "Baba Lawal, ai wannan ba wani aiki ba ne. A sayo sababbin kaya a ɗaura, a fesa fenti, mako guda an gama." Ba na jin haushinsu. Haka baburan yanzu suka koya musu: abu ya lalace, a cire a yar, a ɓare sabo daga leda. Ni ma da furfurata na taɓa yin irin wannan tunani, har na kusa rasa abin da na fi shekara talatin ina nema. Don haka ku samu wuri ku zauna, ku da kuke ganin kanikanci kwancewa da ɗaurewa ne kawai.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu mahaifina ya riƙe hannuna ya kai ni rumfar Malam Usumanu a bakin tashar Jibiya, ya ajiye ƙullin goro ya ce ga amana. Malam Usumanu mutumin Maraɗi ne, ya tsallako tun yana saurayi, ya yi aure a nan ya zauna. Gajere ne, ba shi da yawan magana, kuma idan ya yi shiru yana kallon hannunka gara ma a ce ya mare ka. A wancan zamani Besfa ce abin hawan masu mutunci a garin nan: malaman makaranta, malaman asibiti, manyan 'yan kasuwar hatsi. Ƙirar Italiya ce, jikinta ƙarfe zalla, ga faffaɗar garkuwa a gaba mai kare babbar riga daga caɓi. Daga Bugaje har ƙetaren boda, duk wanda tasa ta yi tari wajen Maigida, kamar yadda muke kiransa, yake turo ta.

Kayan aikinsa duka a akwatin ƙarfe guda suke: sifana 'yan ƙalilan, sukudireba biyu, filaya, da wata gudumar katako da ya sassaƙa da hannunsa. Bai yarda a taɓa inji da gudumar ƙarfe ba. Ranar da ya kama ni na ɗaga ta, kwana uku ban riƙe komai ba sai tsintsiya. Kayan ma da bakin can ƙasarsu yake kiransu: fulogi a wurinsa buji ne, sifana kile, fetur kuwa isansi, har yau idan na shagala haka suke fitowa daga bakina. Wata shida na yi ba abin da nake yi sai wanke notuna a kalanzir da jera su a kan buhu. Duk abin da aka kwance a ajiye shi bi da bi daga dama zuwa hagu, yadda ake rubutu a allo, in an zo mayarwa a biyo layin a koma. Kuna dariya, amma ban taɓa gama haɗa inji na ga noti ya yi saura ba, ku kuwa kowace rumfa da gwangwaninta na ragowa.

Akwai wani hedimasta daga Farfaru da ba na mantawa. Besfarsa takan tashi lafiya lau, ta yi 'yar tafiya, sai ta shaƙe ta mutu. In ya ɗan jira ta sake tashi. Kanikawa biyu sun buɗe masa inji sun canja abin da suka canja, ba ta daina ba, har ya fara zargin an yi mata asiri ne. Maigida bai ɗauki sifana ba. Ya zaunar da shi a benci, ya sa na kawo masa ruwa, ya yi ta tambayarsa: ina yake shan mai, wa ke wanke ta, me ya sake mata kwanan nan. Can sai hedimasta ya ce ba abin da ya sake, illa murfin tanki da ke ɗan zubar da mai, ya naɗe shi da leda ya ɗaure tam. Maigida ya miƙe ya cire ledar, ya sa allura ya tsokane 'yar hudar da iska ke bi ta shiga tanki, ya ce ya hau ya je Magama ya dawo. Da ya tafi ya juyo gare ni ya ce, "Ka gani? Kahin ka kwance moto, zamna da mai shi. Rabin cutar ga bakinshi take." Hedimasta ya dawo yana washe baki, washegari ya aiko da zabi biyu.

Abin da ya fi kawo mana aiki shi ne mai. Injin Besfa tare da fetur yake shan man da ke tausasa shi, sai an gauraya su a tanki. Mutanenmu kuwa kun san su da gaggawa: a tsaya bakin hanya, a juye kwalbar fetur zalla, a wuce. Wani dillalin tumaki daga ƙetare ya yi haka ranar kasuwa, fistin ya ƙone ya like a cikin silinda. Kwana biyu muka yi muna jiƙa shi muna lallaɓa shi da katako. Ni na ƙosa, na ce a fasa a sa wani. Maigida ya ce ƙarfen da ya yi wa mutum shekara goma yana ɗaukarsa ya cancanci a yi masa haƙurin kwana biyu.

Shi ma yana da tasa, shuɗiya, wadda ba mai hawa sai shi. Ni ke wanke ta kowace safiya. Tun daga kwanar kasuwa muke gane ƙararta, mu bar surutu kowa ya kama abin yi.

A shekarata ta shida baburan Japan suka cika gari, masu Besfa suka fara raguwa. Wani Alhaji mai baburan haya ya ce zai kafa mini rumfa a Magama, bakin boda, in riƙa duba masa su. To, a ƙa'idar sana'armu yaro ba ya tashi da kansa, sai an yaye shi. Maigida ne zai tara kanikawan gari, a raba goro, a yi addu'a, ya faɗa a gaban kowa cewa wannan yaronsa ne, ya koya, ya sallame shi. Sau biyu ina yi wa Maigida maganar yana cewa da saura. Ni kuwa gani nake na gama sanin komai. Ranar da ya tafi Maraɗi suna, na share rumfa, na kulle akwati, na ba mai shayi makulli na yi gaba. Ban ɗauki ko noti ɗaya nasa ba, a ganina wannan ya wanke ni.

Bai biyo ni ba, bai kai ƙarata wajen mahaifina ba, bai taɓa zagina a bayan ido ba. Abu ɗaya ya yi. A da "kai Lawali" yake kirana, daga ranar na koma "Malam Lawal". In mun haɗu a masallaci ko wurin jana'iza, sai ya miƙo mini hannu kamar baƙo. Kanikawan tasha kuma suka laƙaba mini suna Tsallake, wani abokin tasowata Ɗanjuma ne ya fara, har ya kai kunnen 'ya'yana. Na samu rufin asiri a sana'ar, alhamdulillahi, na yi gida, na aurar da 'ya'ya, na koyar da mutane da dama. Amma ban taɓa yaye ko ɗaya da bakina ba, sai dai in roƙi wani dattijo ya yi mini. Wanda ba a sallama ba, da wane baki zai sallami wani? Abin yana cina sosai, kunya kuma ta hana ni zuwa in durƙusa.

Sai ga shekarar da aka rufe boda. Da yawanku kun gan ta, amma ba ku da iyali a lokacin. Manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, 'yan dako suka watse, ga ɓarayin daji sun hana mutanen ƙauye shigowa kasuwa, hukuma kuma ta taƙaita hawan babur da sayar da mai a jarka. Sai in wuni a rumfa ban ɗaga sifana ba. Daga ƙarshe na kwaso kayan aikina na dawo da su gida. Maiɗakina Binta ce ta riƙe mu da ƙosai da ƙuli-ƙuli, Allah Ya saka mata da alheri.

Wata safiya cikin wannan hali amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidana, da wani abu a kai an lulluɓe da tabarma. Hajara ce ta biyo shi, 'yar Maigida, wadda nake goyawa tana ƙarama. A lokacin idanun Maigida sun yi shekara bakwai da tafiya, yana zaune a gidanta. Ta yaye tabarmar, sai ga shuɗiyar Besfa.

"Yaya Lawal, 'yan gwangwan sun dame mu a kanta," in ji ta. "Ni ko ba ni iya saida ta. Kullum da sahe sai Baba ya lalubo ta ya shahwa ta kana ya karya. Nac ce bari in kawo maka, ko Allah Ya sa ta tashi ya ji kukanta."

Na ce, "Ya san wurina kika kawo ta?"

"Na hwaɗa mashi."

"Me ya ce?"

"Cewa yay yi, to, mu ji in ya iya."

Na ji tsoro, amma na ji daɗi. Na san wannan ita ce ƙofar da ta rage mini, in ta rufe shi ke nan, domin Maigida ya haura tamanin.

Na shigar da ita tsakar gida ƙarƙashin darbejiya na shimfiɗa buhu. Tayoyi sun ruɓe, zanzaro ya yi gini a cikin kafireto, tanki ya yi tsatsa kamar tsohuwar tukunya, fistin kuwa ya like. Tankin na fara cirewa, na zuba masa tsakuwa da kalanzir na yi ta jijjigawa har kafaɗuna suka yi tsami, sau bakwai ina zubarwa kafin ya fito fes. Fistin kwana tara ya yi a jiƙe. Kullum bayan sallar asuba in ɗora masa katako in ɗan buga sau uku in bar shi, ran na tara ya motsa. Farantan Binta duk na kwashe na zuba notuna, har ta ce in dai na taɓa tukunyar ƙosai to ranar za a ji mu.

Kaya ne suka ba ni wahala. Da boda a buɗe take da Maraɗi zan aika, yanzu kuwa ba hali. Zoben fistin wani direba ya samo mini a Kano wajen wani tsoho da ya rage yana ajiye irinsu. Kulocin kuwa daga wata matacciyar Besfa na ciro shi a wani ƙauye bayan Bugaje, kaji na kwana a kanta. Wayoyin giya biyu ne, ɗaya na ja ɗaya na saki, in ɗaya ta fi 'yar'uwarta tauri ko da kaɗan giya ba ta zama. Wuni guda cur na yi a kansu. Fetur ɗin gwaji ma sai da na bi layi a gidan mai da tankin a hannu, tunda an hana jarka, mutane na ta yi mini dariya. Ranar da na taka kik ta amsa, Binta ta saki guɗa daga madafa.

Har zuwa nan kanikanci nake yi. Daga nan ne son a yaba ya shige ni. Na dube ta na ce ai ba zan mayar wa Maigida da ita a haka ba, sai ta koma kamar ranar da aka sauke ta daga jirgi. Salansarta duk faci ce da walda, na cire na sa sabuwa. Kujerar ta lotsa ta yage, na sa aka yi mini wata mai laushi. Hannuwanta an naɗe su da jar fata da ta yi baƙi don tsufa, na yanke na sa na roba. Akwai wata lotsawa a garkuwar ta gefen hagu, na sa katako na buge ta har ta shafe. Sannan na kai ta aka fesa mata shuɗin fenti, kana ganin fuskarka a jiki. Tsofaffin kayan na tara a buhu na ba wani ɗan gwangwan mai suna Sale don a share mini tsakar gida. Duk wannan wata biyu ban taka na je na zauna da mai ita ba ko sau ɗaya.

Na sa farar riga na hau ta zuwa gidan Hajara da hantsi. Duk inda na bi ana nuna ni. Maigida yana zaune a tabarma a ƙofar zaure, maƙwabta suka taru suna ta sambarka. Na bar ta a kunne, na durƙusa na gaishe shi. Ya karkata kai ya saurara, ya daɗe. Sannan ya ce, "Hajara, baƙo munka yi?"

"Baba, Beshwarka ta, Yaya Lawal ya gyaro ta."

Ya ce a kama shi. Aka kai shi gabanta, na kashe inji. Ya ɗora tafin hannu a kan kujera ya danna. Ya kama hannuwan ya murza robar. Ya sunkuya ya bi garkuwar da yatsu ta gefen hagu, ya koma sama, ya sake dawowa, yana neman abin da ba ya nan.

"Aiki ya yi kyau, Malam Lawal," in ji shi. "Allah Shi yi albarka. Ka maida ma mai ita."

Na ce, "Maigida, taka ce. Wallahi ita ce."

"Tawa ba haka take magana ba. Salansarta ni niy yanke ta nis sake mata ciki da hannuna. Kujerarta ta san zamana. Nan wurin kuma ragon layya yat tunkuye ta, shekarar da anka haihi Hajara. Wagga ban san ta ba." Ya juya ya ce a mayar da shi tabarmarsa.

Ban iya hawanta ba, turo ta na yi har gida. Na yi wa masu ido gyara, alhali shi mai abin, kunne da tafin hannu ne suka rage masa. Hajara ma ta faɗa mini tun ranar farko cewa shafa ta yake yi, kukanta yake son ji, na ji da kunnena amma bai shiga ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har abinci ya gagare ni. Binta ce ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, zama ba naka ba ne. Kwana nawa da ba Sale buhun nan?" Na ce goma sha ɗaya. Ta ce to me nake jira.

Filin 'yan gwangwan yana kan hanyar Katsina. Na tarar da tirela rabi a cike, za ta tashi kudu jibi, inda ake narkar da ƙarfe. Sale ya ce buhuna tuni aka zazzage shi, bai san ko yana cikin tulin ƙasa ko ya riga ya hau mota ba. Na gaya masa labarin duka, ban ɓoye komai ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, kakana ma makaho na. Shiga ka duba, ba mu rufe mota sai ka gama." Ya ba ni tsohuwar safar hannu. Wunin farko ban samu komai ba sai yanka a yatsu da ciwon baya. Tsofaffin salansa sun fi a ƙirga, duk tsatsa ta mai da su iri ɗaya. Kujerar na fara gani da la'asar, ba a cikin tuli ba, mai gadin filin ne ya ɗora ta a kan bulo yana zama. Na roƙe shi, na yi masa alkawarin sabuwar, ya ce ai shi ya ci riba.

Washegari na hau tirelar kanta. Wajen azahar, a ƙarƙashin wata ƙofar mota, na hango wata salansa mai layin walda a karkace a cikinta. Na san wannan karkacewar. Ni na riƙe ta da filaya ranar da Maigida ya yi waldar, zafi ya sa hannuna ya goce, ya harare ni ya ci gaba. Na rungumo ta na sauko, rigata duk tsatsa, 'yan lodi suna tafa mini. Fatar hannuwan kam ba a same ta ba, ta tafi.

Tsohuwar salansa ba a wanke ta da ruwa. Na haɗa wutar kara a bayan gida na jefa ta ciki ta yi ja, baƙin da ya toshe ta ya ƙone, da ta huce na bubbuga da katako ya zubo kamar gawayi. Na toshe hudoji biyu da suka ɓule, ban taɓa facin Maigida ko ɗaya ba. Kujerar na sa aka ɗinke yagewar kawai, lotsawar zamansa na bar ta. Hannuwan na kai wa baduku ya naɗe da jar fata. Garkuwa kuwa na ɗauki guduma na tsaya a kanta, sai na ajiye. In na lotsa ta da hannuna ƙarya ce, kuma yatsunsa za su gane.

Da na ɗaura salansar sai inji ya sake hali, dole aka sake saita kafireto. Na zauna a ƙasa na rufe ido, ina juya ɗan sukurun kaɗan-kaɗan ina saurare, ina neman ƙarar da nake ji daga kwanar kasuwa ina yaro. Binta ta zaci gyangyaɗi nake yi. Kwana biyu ina wannan. Can ta faɗa inda nake nema: wani ɗan gurnani a ƙasa, da ɗan tsalle a tsakanin bugu da bugu. Saura kaɗan in miƙe in nemi tsintsiya.

Wannan karon da rigar aiki na tafi, ban gaya wa kowa ba. Daga baya Hajara ta ce tun ina wajen firamare, ban ma shigo layinsu ba, Maigida ya ajiye kofin kunu ya miƙe tsaye ba tare da an kama shi ba, ya ce, "Ga ta nan." Na iso na same shi a tsaye. Ya danna kujera ya gyaɗa kai. Ya kama hannuwan.

Na ce, "Maigida, fatar ba taka ba ce, taka ta ɓata a hannuna. Wurin ragon kuma na shafe shi, ba ya dawowa. Ka yafe mini." Na ce ya yafe mini, kuma ni da shi mun san ba fata da garkuwa kaɗai nake nufi ba.

Ya tattare rigarsa ya ce, "Kama ni in hau."

Hajara ta ce, "Baba, a shekarunka?" Ya ce ta matsa. Ya zauna a baya ya dafa kafaɗuna, muka tashi a hankali. Ba mu yi nisa ba na ji duka a gadon bayana. "Kai Lawali, sa ta ukku, kana kashe mani inji! Haka nik koya maka?" Na sa ta uku. Hawaye suka cika mini ido har da ƙyar nake ganin hanya. Ya ce in bi ta kasuwa, in karya dama, in miƙe tasha. Duk ramin da ke hanyar ya san shi, sai dai waɗanda aka yi bayan idonsa ya tafi.

Kanikawan tasha suna zaune a rumfa ba aikin yi, Ɗanjuma a tsakiyarsu. Suna jin ƙarar tsofaffin cikinsu suka miƙe. Maigida ya ce in tsaya in sauke shi. Aka kawo benci ya ƙi zama. Ya ce a kira mai goro, a kira duk wanda ke riƙe sifana a tashar nan. Kafin a jima wurin ya cika, har direbobin da boda ta tsare sun matso.

"Ku shaida," in ji shi. "Wanga yarona na. Ni nik koya mashi. Yat tahi bai ƙare ba, yanzu ya ƙare. Na sallame shi, ban riƙe shi da komi ba, duniya da lahira."

Ɗanjuma ya ce, "Baba, yaye da jikoki shida? Ai wannan sai a ba shi sanda, ba sifana ba." Aka fashe da dariya, ni ma na yi, ina share fuska da hannun riga. Maigida ya ce a yi addu'a, aka ɗaga hannu. Na gode wa Allah da Ya ja ran tsohon nan har na kai ga wannan rana, na gode wa Hajara da Binta da Sale, har shekarar da ta raba ni da rumfa na gode mata.

Da aka shafa, na durƙusa a gabansa cikin baƙin mai da ƙasa. Ya miƙo hannu yana laluben kaina don ya sa mini albarka, hulata ta faɗi. Tafinsa ya sauka a kan sanƙo. Ya shafa gaba, ya shafa baya, ya gangaro ya kama gemuna ya murza.

"Subhanallahi," in ji shi. "Lawali, yaushe kat tsuhwa haka?"